Alfarma a Gasar Tallafin Karatu: Zumunci ne ko Zalunci?

Duk shekara ɗaliban Magarya da Dungas da suka ci BAC suna neman tallafin karatu zuwa Maroko, Aljeriya ko Azhar ta Masar, guraben kuwa ƙidayayyu ne. Shin ya halatta babba a Yamai ya sa baki domin ɗan'uwansa? Wasu sukan ce sada zumunci ne. Amma zumunci da dukiyarka ake yin sa, ba da haƙƙin wani ba. In aka ɗaga mai ƙarancin maki, an danne ɗan manomin da ya fi shi, wanda aka sayar da gero domin karatunsa. Aya ta 58 cikin Suratun Nisa'i ta wajabta mayar da amana ga masu ita. Allah Ya tsare mu, amin.