Bashin da ke Bin Suna

Mu ’yan ƙalilan ne a Warra da muka san Dragon Age, kuma duk a jami’a muka kamu da shi, a kan tsofaffin kwamfutoci masu ɗaukar zafi kamar dutsen guga. Wasa ne na tatsuniya, mai dodanni da matsafa da rikicin sarauta, amma ba su ne suka riƙe mu ba. Abin da ya riƙe mu shi ne wasan yana tambayarka, kuma ba ya manta amsarka. A na farko, Origins, da ya fito a 2009, kai ke yanke wa zai hau karagar Ferelden, wa za a yafe wa, wa za a kashe. Na biyu ya zo a 2011, Inquisition a 2014, kowanne yana ɗauke da abin da ka aikata a baya. Wanda ka bari da rai, sai ka sake gamuwa da shi bayan shekaru.

Shekara goma muka yi muna jiran na huɗu. Da The Veilguard ya fito a ƙarshen Oktoban 2024, cikin ɗaruruwan hukuncin da muka yanke uku kacal ya ɗauko, su ma daga na uku. Sauran shiru kamar an shuka dusa. A Janairun 2025 kamfanin EA ya ce mutum kusan miliyan 1.5 ne suka buga shi, wajen rabin abin da ya sa rai.

To, an ci amanarmu ke nan? Babu takardar alkawari a hannunmu. Kuɗin wasa aka biya, wasa aka bayar. (Waɗanda suka biya ke nan; wasunmu kwafi muka samu wurin aboki, kuma mu muka fi kowa ƙorafi.) Sannan mu da rubuta manhaja ce sana’armu mun san lissafin. Zaɓi goma masu fuska biyu suna haifar da hanya 1,024. Ashirin sun haura miliyan. Kowace hanya tana son marubuci da mai murya da mai gwaji. Mutanen ma sun watse: David Gaider, jagoran marubutan farko, ya bar BioWare a 2016, kuma a 2023 an sallami ma’aikata kusan 50, har da Mary Kirby da ta rubuta Varric. Wa za mu kama?

Duk da haka zuciya ta ƙi kwanciya, kuma a bakin ruwan nan muka gano dalili. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsohuwar Bussa da gungun Gungawa da dama, aka tayar da mutum sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Allah ya kiyaye mu haɗa wannan da wasan kwamfuta. Abu ɗaya muka ɗauka a wurin tsofaffin da suka ga wancan zamani: ba kasafai kukansu ke tsayawa kan kyan gini ba. Sabon wurin ne bai san su ba. Babu kabarin kaka, babu tsamiyar da ake zama a gindinta, babu mashigin da kowa ya san inda zai ɗaure jirgi.

Veilguard ya fi Origins kyan hoto nesa ba kusa ba, faɗansa ma ya fi santsi. Bai san mu ba ne.

Su dai masu madatsa sun yi gaskiya guda, suka ce Sabuwar Bussa. Nan kuwa tsohon sunan aka liƙa, domin shi ke sa mutum ya zaro kuɗi tun bai ga kaya ba. A garinmu ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, kuma magaji ba ya cewa ai ba shi ya ci ba. Muna ganin haka suna yake: wanda ya gaje shi ya ci ribarsa, ya gaji abin da aka sa mutane suka sa rai da shi. In lissafin ya gagara, da sun raɗa wa wasan wani suna, da mun buga shi ba tare da jin haushi ba.

Ɗayanmu har yanzu yana da ajiyar wasansa ta Origins a wani tsohon filashi. Makon jiya ya buɗe ta, ya tarar da jarumarsa tsaye a sansani kusa da wuta, inda ya bar ta.