'Yan Ubanci a Sararin Samaniya

Fasinjan da ya hau jirgin sama ba ya tambayar sunan matuƙi, balle ya nemi sanin abin da ke cin ransa. Ɗaura ɗamarar kujera yake yi, ya miƙa rayuwarsa ga mutum biyu da ke zaune bayan rufaffiyar ƙofa, waɗanda bai taɓa gani ba, wataƙila kuma har abada ba zai gan su ba. Da wuya a sami wata amana da ta kai wannan girma tsakanin baƙo da baƙo. Tambayar da nake son in tattauna a kanta ita ce: idan wanda aka ba wannan amana yana ganin an zalunce shi a wurin aiki, wane makami ne ya halatta ya ɗauka don ƙwatar haƙƙinsa, wane ne kuma ya haramta gare shi ko da shi ne mai gaskiya? Zan ɗora bayanina a kan rikicin da ya biyo bayan haɗewar kamfanonin jiragen sama biyu na Amurka, wato US Airways da America West, a shekarar 2005.

Kafin a fahimci zafin rikicin, sai an san matsayin jerin daɗewa a rayuwar matuƙin jirgi a Amurka. Kowane kamfani yana da jerin sunayen matuƙansa, daga wanda ya fi daɗewa zuwa wanda aka ɗauka jiya. Lambar mutum a jerin ita ke yanke ranar da zai tashi daga kujerar mataimaki ya zama kyaftin, da irin jirgin da zai tuƙa, da yawan albashinsa, da garin da zai zauna, da ranakun hutunsa. Idan kasuwa ta lalace kuma, daga ƙasan jerin ake fara sallama. Lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Kyaftin mai shekara ashirin a aiki idan ya sauya wuri, daga ƙarshen layi zai soma. Dalilin wannan tsari shi kansa yana da alaƙa da kare rayuka, domin matuƙin da ƙarin girmansa bai rataya a kan yardar manaja ba yana iya ƙin tashi da jirgi mai matsala ba tare da fargaba ba. Bahaushe ya ce wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, kuma a cikin kamfani ɗaya babu mai jayayya da haka. Matsala tana tasowa ne ranar da aka ce gida biyu su koma ɗaya.

US Airways tsohon kamfani ne da ƙarfinsa ke gabashin ƙasar. Sau biyu ya shiga kotun karayar arziki, a 2002 da 2004. An soke tsarin fanshon matuƙansa a 2003, an zaftare albashinsu, sama da dubu ɗaya daga cikinsu kuma suna zaune a gida suna jiran kiran komawa aiki. America West kuwa matashin kamfani ne daga jihar Arizona, wanda ya fara tashi a 1983, yana tsaye da ƙafafunsa, har yana ɗaukar sababbin matuƙa. Da aka haɗe su sai aka riƙa kiran ɓangarorin biyu 'yan Gabas da 'yan Yamma. 'Yan Gabas suka ce a bi ranar da aka ɗauki kowa aiki, domin shekarun da mutum ya ba sana'a ba abin sharewa ba ne. 'Yan Yamma suka ce idan aka yi haka kusan dukansu za su koma ƙasa, su zama garkuwar sallama ga mutanen da kamfaninsu ke gab da mutuwa kafin a ceto shi. Da sulhu ya gagara, ɓangarorin biyu suka amince su kai maganar gaban mai raba gardama, George Nicolau, bisa sharaɗin hukuncinsa shi ne na ƙarshe.

A watan Mayu na 2007 Nicolau ya fitar da jerinsa. Ya sa kimanin manyan matuƙan Gabas 500 a sama, ya cuɗanya sauran masu aiki bisa kaso, ya ajiye waɗanda ke zaune a gida a ƙarshe. Sakamakon haka, ɗan Gabas da aka ɗauka a 1988 ya tsinci sunansa kusa da na ɗan Yamma da aka ɗauka a 2005. 'Yan Gabas suka ƙi karɓa. Da yake sun fi yawa, sai suka kafa sabuwar ƙungiyar ƙwadago mai suna USAPA, suka ci zaɓe a Afrilun 2008, suka kawar da tsohuwar ƙungiyar ALPA wadda a ƙarƙashinta aka yi alƙawarin bin hukuncin. 'Yan Yamma suka garzaya kotu. Shekara da shekaru jirage suna ɗauke da fenti ɗaya da suna ɗaya, amma matuƙan ɓangarorin biyu ba sa zama ɗakin tuƙi ɗaya, kowane ɓangare da jiragensa da yarjejeniyar albashinsa. Wannan shi ne 'yan ubanci tsantsa: gida ɗaya, uba ɗaya, kowane ɗaki yana ƙirga abin da aka kai wa ɗaya ɗakin.

A ganina kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na adalci. Ɗan Gabas yana magana da harshen abin da ya wuce: gumin da ya zubar, da fanshon da ya rasa. Kyaftin Chesley Sullenberger, wanda ɗan Gabas ne, ya shaida wa majalisar dokokin Amurka a 2009 cewa an rage masa kashi 40 cikin ɗari na albashinsa, an kuma soke fanshonsa. Ɗan Yamma yana magana da harshen abin da ke tafe: matsayin da yake gab da kaiwa kafin a haɗa shi da wani. Babu ma'aunin da zai auna waɗannan biyu ya ba kowa cikakken mudu. Shi ya sa mutane suka ƙirƙiro raba gardama, don a sami ƙarshen magana a inda hujja ba ta iya ƙare ta. A nan nake ganin 'yan Gabas sun yi kuskure, ko da kukansu na gaskiya ne. Wanda ya yarda da alƙali kafin hukunci, sannan ya sauya riga don ya kuɓuce wa hukuncin, ya koya wa abokin aikinsa cewa maganarsa tana da nauyi ne kawai ranar da ta yi masa daɗi. A sana'ar tuƙin jirgi kuwa, nauyin magana shi ne jari.

Dalilin da ya sa na faɗi haka yana cikin tarihin haɗurran jirage. A ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a filin jirgin Tenerife, mutum 583 suka mutu. Cikin abubuwan da bincike ya gano har da cewa injiniyan jirgin KLM ya nuna shakka ko hanya ta buɗe, kyaftin ya kawar da shakkar, ba a sake tanka masa ba. Daga irin wannan darasi aka gina horon da ake ba matuƙa a yau, wanda ke koya wa ƙarami ya buɗe baki, babba kuma ya saurara. Amfanin horon ya bayyana a ranar 15 ga Janairu, 2009, lokacin da tsuntsaye suka kashe injina biyu na jirgin US Airways mai lamba 1549. Sullenberger da mataimakinsa Jeffrey Skiles, waɗanda ba su taɓa aiki tare ba kafin wannan zagaye, suka sauke jirgin a kan kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duka suka tsira. Abin da ya haɗa su a cikin 'yan mintocin nan shi ne kowane ya ɗauki maganar ɗan'uwansa a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba.

Akwai kuma misalin abin da gaba ke iya jawowa. A ranar 18 ga Yuni, 1972, jirgin kamfanin BEA ya faɗi kusa da garin Staines a Ingila, ƙasa da minti uku bayan tashinsa daga Landan, mutum 118 suka rasu. Kafin tashin, kyaftin Stanley Key ya yi zazzafar cacar baki da wani matuƙi a ɗakin ma'aikata kan batun yajin aiki da ya raba kan matuƙan kamfanin. Bincike ya nuna yana da ciwon zuciya, kuma mataimakinsa matashi ne mai ƙarancin gogewa. Jirgin ba shi da na'urar naɗar murya, don haka babu wanda ya san abin da aka faɗa ko aka kasa faɗa a ɗakin tuƙin. Abin da ya tabbata shi ne mutum ba ya iya tuɓe fushinsa ya rataye a ƙofar jirgi kamar riga.

Mai ja da ni zai ce ai rikicin Gabas da Yamma bai kayar da jirgi ko ɗaya ba, saboda haka danganta shi da haɗari tsoratarwa ce kawai. Gaskiya ne babu wani haɗari da aka ɗora wa wannan rikici, kuma wannan abin yabo ne ga matuƙan ɓangarorin biyu. Sai dai ɓarnar da nake nufi tana da wuyar gani fiye da tarkacen jirgi. A Amurka akwai shirin da ke ba matuƙi damar kai rahoton kuskurensa da kansa ba tare da a hukunta shi ba, don a gyara kafin abu ya zama bala'i. A ƙarshen 2008 shirin ya tsaya a US Airways saboda rashin jituwar ƙungiya da kamfani, sai a 2009 aka dawo da shi. A tsakanin nan jirage suna ta tashi, amma ɗaya daga cikin kunnuwan da ke jin ƙananan kurakurai a toshe yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya fi wannan muni ya faru a 2011. Ƙungiyar USAPA ta ƙaddamar da gangamin da ta ce na kare lafiyar fasinja ne, har ta sayi cikakken shafi a jaridar USA Today tana zargin kamfani da matsa wa matuƙa su tashi da jirage masu matsala. Kamfani ya kai ƙara, yana cewa jan ƙafa ne aka lulluɓe da mayafin tsaro don a tilasta masa a teburin albashi: ana tafiyar hawainiya da jirgi a ƙasa, ana yawaita rubuta ƙananan gyare-gyare a kan kari, ana yawaita cewa an gaji. A watan Satumba na shekarar, alƙalin kotun tarayya Robert Conrad ya ba da umarnin a daina, bayan an nuna masa alƙaluman da ke cewa jinkirin ya ƙaru a ɓangaren Gabas, bai ƙaru a Yamma ba.

A nan amsar tambayata take. Ikon da matuƙi ke da shi na cewa "wannan jirgi ba zai tashi ba" ajiya ce da fasinja ya ba shi, ba dukiyarsa ba ce da zai kashe a kan buƙatarsa. Ƙarfin kalmar yana cikin cewa duk wanda ya ji ta ya san babu komai a bayanta sai tsoron asarar rai. Ranar da aka fara furta ta don neman ƙarin albashi ko huce haushi, makanike zai soma tunanin ko siyasa ce, manaja zai soma ƙirga ta cikin dabarun ciniki, kuma matuƙi na gaba da ya ga matsala ta haƙiƙa zai tarar an rage wa maganarsa daraja tun kafin ya buɗe baki. Wanda aka zalunta yana da kotu, yana da zaɓen ƙungiya, yana da jarida, yana da zanga-zanga, yana da yajin aiki idan doka ta buɗe masa ƙofarsa. Duk waɗannan nasa ne. Kalmar tsaro kuwa ta mutum ɗari da hamsin ce da ke zaune a bayansa, waɗanda ba su san Nicolau ba, ba kuma a gayyace su teburin sulhu ba.

Ba zan sauke nauyin duka a kan matuƙa ba. Shugabannin kamfani sun haɗa jirage da asusu, suka bar mutane a rabe, kuma muddin babu yarjejeniya ɗaya, tsohon albashi mai rahusa ake ci gaba da biya. Wanda ke amfana da rabuwar 'ya'yan gidansa ba shi da bakin yi musu wa'azin zumunci. Akwai kuma hanyar da ta fi wannan. Da Delta da Northwest suka haɗe a 2008, an kammala yarjejeniyar albashi ta bai ɗaya da matuƙa kafin a ɗaura auren kamfanonin, aka kai batun jeri gaban masu raba gardama, kowa ya karɓi sakamako kafin shekarar ta ƙare. Ba a rasa masu ƙorafi ba, amma ba a yi shekaru ana gaba ba. Shi kuwa rikicin Gabas da Yamma bai sami jeri ɗaya ba sai a 2016, bayan US Airways ɗin kansa ya narke cikin American Airlines. Shekara goma sha ɗaya ke nan, wasu sun yi ritaya ba su ga ƙarshensa ba, kuma ɓangarorin biyu sun yi asarar ƙarin albashin da haɗin kai zai iya samo musu.

Darasin bai tsaya ga matuƙa ba. Likita, da ma'aikacin jinya, da mai kula da madatsar ruwa, da duk wanda rayukan wasu ke hannunsa, yana iya faɗawa cikin zalunci na gaske, kuma neman haƙƙi wajibi ne a kansa. Abin da ya bambanta shi da sauran masu neman haƙƙi shi ne makami mafi kaifi da ke kusa da hannunsa na wasu ne. Mutuncin sana'arsa yana bayyana ranar da ransa ya fi ɓaci, ya dubi makamin, ya bar shi a inda yake, ya ɗauki doguwar hanya.