Tsohon Soja Da Zaman Gida

Jama'a, akwai wata tambaya da ta kamata mu zauna mu auna ta da hankali. Mutumin da ya shekara 20 ko fiye yana bin oda, in an sallame shi ya komo gida, ya kasa zama da mutane yadda suka saba, laifin wane ne? Nasa ne, ko na aikin, ko namu da muka tarye shi?

Bari mu fara duba irin zaman da ya yi. A bariki begila ke ta da shi, ita ke kiransa fareti, ita ke sallamarsa ya kwanta. Abincinsa da tufarsa da wurin kwanansa duk an yanka masa. Yana ganin hannun rigar mutum ya san matsayinsa, ko kofur ne, ko saje, ko samanja. Ba ya tambayar dalili, gama a fagen fama mai tsayawa tambaya shi ke jawo wa 'yan'uwansa halaka. Da wannan horo ne sojojin Nijeriya suka shiga Mogadishu da Harar a 1941, suka ratsa kurmin Kaladan a ƙasar Bama da kaya a ka, har aka ci Myohaung a watan Janairu na 1945. Wasu kuwa rayuwarsu duka a ciki ta tafi. Chari Maigumeri ya shiga rundunar a 1917, bai tuɓe kaki ba sai 1953, watau shekara 36.

To, ku dubi irin wannan mutum ran da ya sauka a ƙauyensu. Gari ya waye, ba wanda ya ce masa tashi. Ya yi alkawari da wani da hantsi, sai la'asar ya gan shi, ba ko neman gafara. Ya ba ɗansa umurni, yaro ya ce sai ya gama wasa. Shi da ya ja mutum 30 cikin daji ana ruwan harsashi, yanzu ga shi durƙushe gaban dagacin da bai taɓa wuce kasuwar maƙwabta ba. Gonar gado ƙanne sun raba, hannunsa kuma ya manta fartanya. In ya ɗaga murya a ce zafin kai, in ya yi shiru a ce yaƙi ya taɓa shi. Daga nan sai a laƙaba masa ɗan bariki, a ja yara daga wurinsa.

Da sojoji suka yi ta komowa a 1946, da yawa ba su daɗe a gida ba, suka nufi birane. Waɗanda suka koyi tuƙi suka kama mota, wasu suka shiga 'yan doka na En'e, wasu masinja, wasu gadi. Ku lura, yawancin ayyukan nan akwai riga, akwai lokaci, akwai na gaba mai ba da umurni. Abin da suka saba da shi suka bi nema.

Wasu kan ce ai hali zanen dutse ne, in ya yi fushi ko ya watsar da kuɗin sallamarsa, dama can haka yake. Mu malaman makaranta ba mu yarda da wannan duka ba. Mun ga yadda shekara huɗu ta ƙararrawa ke sāke yaro, balle shekara 20 ta begila. Aikin soja ya kan ba mutum tsabta da cika alkawari da jimiri, amma ya kan karɓe masa abu guda, shi ne yanke wa kansa shawara. Wanda aka daɗe ana zaɓa masa, ran da aka ce ya zaɓa da kansa, nauyin ya fi na bindiga.

Duk da haka ba za mu wanke shi sarai ba, gama shi mutum ne mai hankali. Matarsa ba kurtu ba ce, tsakar gida kuma ba filin fareti ba ne. Horon da ya sha yana da amfani in ya juya shi kan kansa, ya ba zuciyarsa oda kafin ya ba kowa. Waɗanda suka iya haka su ne aka riƙa ba ajiya, aka riƙa kira rabon faɗa, domin an san maganarsu ɗaya ce.

Amma babban kaso namu ne. Ƙuruciyarsa aka ci don mu kwana lafiya, saboda haka bashin bai ƙare da fansho da lambar girma ba. Sauransa haƙuri ne, da ba shi wani aiki a cikin jama'a wanda za a dogara gare shi: aikin gayya, gyaran rijiya, tsaron kasuwa, horon samari. Mutumin da ya saba a bukace shi kullum safiya, ba abin da ke karya shi kamar ya ga ba mai nemansa. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.