Nasihar Juma'a: Kada Asali Ya Ɓace A Hannunmu

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu a nan Kudu, iyayenmu daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa suka zo fatauci, suka zauna. A da, dokar Nijar ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba: wanda ya nemi zama ɗan wata ƙasa da kansa, ya rasa ta gida. A 2014 aka gyara dokar, aka halatta riƙe biyun. Wanda ya rasa tun kafin nan kuwa, yana iya neman a mayar masa, hukuma ta bincika.

To, binciken nan fa shaida yake so: takardar haihuwa, ta mutum da ta iyayensa. Dattawan da suka san kakanninmu kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. In muka yi sakaci, gobe 'ya'yanmu za su je garin ubansu a kira su baƙi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Son gida ba aibi ba ne. Annabi (SAW) ya bar Makka yana ƙaunarta, ya koma ya buɗe ta a shekara ta 8 bayan hijira. Amma mu ji tsoron Allah: kada mu sayi takardar jabu, kada mu canza sunan uba don neman sauƙi. Jingina kai ga wani uba babban zunubi ne. Mu tuntuɓi ofishin jakadancin Nijar a Abuja, mu bi hanyar gaskiya ko da ta yi tsawo.

Allah ya sa mu dace, amin.