ƊAUKA DABAM, RENO DABAM

Karatu: Ezekiel 16:1-14, Yaƙub 2:14-17



Watakila wani zai ga abin da za mu yi magana a kansa, ya ce, “Ina ruwan Maganar Allah da ɗan kyanwa?” Gaskiya ne, tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna ba a ambaci kyanwa ko sau ɗaya ba. Amma Sulemanu ya aike mu makarantar tururuwa, Ubangiji Yesu kuma ya ɗauki tsuntsaye ya koya mana da su. Misalai 12:10 ta nuna mana ana gane adali har a wajen riƙon dabbarsa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san darajar wannan dabba, gama Abu Huraira, laƙabin ɗaya daga cikin sahabbai, ma'anarsa mai 'yar kyanwa. Abin kunya ne a iske gidan mai bi shi ne inda a ke jifan ta da dutse.

Duk wanda ya san Jibiya ya san garin hatsi ne da manyan motoci. Hanya ta taso daga Katsina ta bi ta Magama, inda 'yan kwastan su ke, ta haye zuwa Ɗan Isa, ta nufi Maraɗi. Inda hatsi ya ke, nan ɓera ya ke. Inda ɓera ya ke, nan kyanwa ta ke. Ta kan haihu a tsakanin buhuna cikin ɗakin ajiya. Sa'an nan a zo a kwashe kaya, ko a kulle ƙofa tana waje, ko mota ta take ta a kan titi. Kashegari yara su ji kuka siriri, su tsinci ɗan kyanwa idonsa a rufe, su kawo gida da murna. Bayan kwana biyu ko uku sai a kai shi juji. Yaran sun ji tausayi ƙwarai, ba wanda zai musa. Abin da ya rage musu shi ne sani da naciya. Ɗauka aikin minti ɗaya ne, reno kuwa aikin dare da rana ne. Bari mu duba abu biyar.

1. Ka nemi uwa tukuna

Ba kowane ɗan kyanwa da ka gani shi kaɗai ne maraya ba. Uwa ta kan tafi neman abinci, ta kan kuma sake wa 'ya'yanta wuri, tana ɗaukarsu a baki ɗaya bayan ɗaya. Idan ka same shi jikinsa da ɗumi, da tsabta, yana barci, ka ja da baya ka duba daga nesa na 'yan sa'o'i. Dakashin da ya ke sha a ranar farko shi ne garkuwarsa daga cututtuka, ba kuwa a sayar da shi a kasuwa. In uwar ba ta dawo ba, ka tambayi maƙwabta ko akwai wata kyanwa mai shayarwa, gama sau da yawa ta kan karɓi ɗan da ba nata ba. Amma in ka same shi jikinsa da sanyi, ko tururuwa sun hau shi, ba sauran jira.

Ku tuna da Musa cikin Fitowa sura 2. 'Yar Fir'auna ta ji tausayin jariri a bakin kogi, amma reno sai da aka kirawo uwarsa, har aka biya ta lada. Taimako mai hankali ya kan fara da ƙarfafa hannun uwa da dangi. Kada son a ce mun yi alheri ya sa mu raba yaro da nasa.

2. Ɗumi kafin abinci

Wata yarinya ta makarantar Lahadi ta zo wurina tana hawaye, ta ce, “Baba Pasto, na ba shi madara har ya ƙoshi, me ya sa ya mutu?” Na ce, “'Yata, ina ya kwana?” Ta ce, “A cikin kwali, a zaure.” Lokacin kuwa hunturu ne.

Ga dalili. Sabon haihuwar kyanwa nauyinsa wajen giram 100 ne, watau kamar ƙwan kaza biyu. Ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa sai ya kai mako 3 ko 4. Jikin uwarsa da na 'yan'uwansa su ne bargonsa. Idan sanyi ya kama shi, cikinsa ya kan tsaya da aiki, madarar da aka ɗura masa ta kwanta ta zama masa cuta. Saboda haka ka taɓa tafin ƙafarsa da cikin bakinsa. In da sanyi, ka sa shi a ƙirjinka cikin riga, ya ɗumama sannu a hankali. Ka cika kwalba da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tsumma, ka ajiye a gefe ɗaya na kwali, domin in zafi ya yi masa yawa ya ja jiki ya matsa. Kada ka kai shi bakin murhu ko kaskon gawayi. Da bazara kuma ka nema masa inuwa, gama zafi ma yana kisa.

Yaƙub ya tsauta wa mai bin da ya ga ɗan'uwansa ba sutura ba abinci, ya sallame shi da fatan alheri na baki kaɗai. Mutumin da tsoro da baƙin ciki suka sandarar da zuciyarsa, ko ka zuba masa wa'azi mai kyau ba zai narke a cikinsa ba. Ka zauna kusa da shi tukuna, ya ji ɗumin ƙauna, sa'an nan kunnensa ya buɗe.

3. Abincin da ya dace, kaɗan kaɗan, ba fashi

Mutane da yawa suna tsammani kowace madara madara ce. Ba haka ba ne. Madarar saniya ba ta kai ta kyanwa ƙarfi ba, ta kan kuma sa shi zawo, zawo kuwa ga mai giram 100 mutuwa ne. Akwai garin madara da a ke yi musamman domin 'ya'yan kyanwa. Ka tambayi likitan dabbobi. Kafin a samu, madarar akuya da aka tafasa ta huce, aka kaɗa 'yar gwaiduwar ƙwai a ciki, ta kan riƙe shi na ɗan lokaci. Koko da kunu ba nasa ba ne.

Ka ba shi da sirinji wanda aka cire wa allura, ɗigo ɗigo, yana kwance bisa cikinsa kamar yadda ya ke shan uwarsa. In ka kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, madara ta kan bi ta huhu ta shaƙe shi. A makon farko, rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya ya ishe shi a sha guda, amma kowace sa'a 2 ko 3, har da tsakar dare. Mai lafiya ya kan ƙara wajen giram 10 kowace rana. A nan ne a ke gane mai reno daga mai ɗauka. Da rana kowa yana so ya riƙe shi. Da ƙarfe biyu na dare, sa'ad da barci ya yi daɗi, wa zai tashi?

Haka masu jinya su ke yi da yaron da tamowa ta kama. Likitocin MSF, waɗanda suka fara wannan aiki a Jihar Katsina a 2021, ba su fara wa yaro mai tsananin rama da babban kwano. Su kan rufe shi kada sanyi ya kama shi, su ba shi madara ta musamman 'yar kaɗan a kai a kai, har cikinsa ya farfaɗo. Manzo Bulus ya san wannan hikima. Cikin 1 Korinthiyawa sura 3 ya tuna wa masu bi cewa abincin jarirai ya fara ba su, domin ba su isa cin mai tauri ba tukuna. Sabon tuba ba ya bukatar gardamar ɗarikoki. Yana bukatar wanda zai zauna da shi mako mako, su karanta Bishara tare, su yi addu'a.

4. Aikin da ba a so

Ga abin da yara ba su sani ba. Har ya kai mako 3, ɗan kyanwa ba ya iya fitsari ko kashi da kansa. Uwarsa ce ta ke lasar ƙarƙashin wutsiyarsa, sa'an nan ya yi. Wanda ya tsaya a madadin uwa dole ya jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ya shafa wurin a hankali bayan kowane sha, ya wanke hannunsa da sabulu. In ba a yi ba, ciki ya kumbura, ya mutu da ƙoshinsa.

Ba wanda zai yaba maka a kan wannan aiki. Amma a daren da za a bashe shi, Ubangijinmu ya ɗaura tawul ya wanke ƙurar ƙafafun almajiransa (Yohanna 13). A cikin reno akwai wanke ƙazanta: jin ƙarar da aka kawo sau goma, biyan bashin asibiti, zuwa neman wanda ya koma wa giya. Ekklesiyar da ta ke son baftisma amma ba ta son wannan, ta ɗauka ne kawai.

5. Reno yana da ranar yaye

Wajen kwana 7 zuwa 10 idonsa ya kan fara buɗewa. Ya kai mako 4, sai ka fara sa masa abinci mai laushi a faranti, ka ajiye masa yashi a wani kwano. Kafin wata biyu ya iya ci da kansa. Nan gaba kaɗan shi ne zai tsare maka rumbu daga ɓera. Ibraniyawa sura 5 ta yi kuka da mutanen da ya kamata su zama masu koyarwa amma har yanzu suna kan nono. Muna reno domin mutum ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma reni wani.

Mu ne aka yar

Yanzu ku komo ga karatunmu. Allah ya kwatanta Urushalima da jaririya wadda aka jefar a fili ranar haihuwarta. Ba a yanke mata cibiya ba, ba a yi mata wanka ba, ba wanda ya dube ta da idon jinƙai. Allah ya bi ta wurin, ya gan ta cikin jini, ya umarta ta rayu. Bai tsaya nan ba. Ya wanke ta, ya shafe ta da mai, ya suturta ta, ya ciyad da ita har ta girma, ya yi alkawari da ita. Ya mai karatu, hotonka ke nan, hotona ke nan. Muna makafi cikin zunubi, ba mu iya ɗumama kanmu, ba mu iya wanke kanmu. Yesu Kristi ya ɗauke mu da tamanin jininsa, tun daga ran nan kuwa bai yi fashin dare ɗaya ba. Zabura 121 ta shaida Mai tsaronmu ba mai barci ba ne.

To, me za mu yi da wannan a ƙasarmu? A Yuli 2018 ambaliya ta ci mutum fiye da 40 a Jibiya. A Agusta 2019 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta nan ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024, masu dako da direbobi suka rasa abin kai wa gida. Tun 2019 dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka guje wa 'yan bindiga zuwa Jihar Maraɗi, talakawan ƙauyuka suka sauke su a gidajensu. A Maris 2022 mutanen Shimfiɗa suka gudo cikin garin Jibiya. Kowace masifa cikin waɗannan ta bar marayu da gwauraye. Ranar da abu ya faru, mu kan tara gudummawa, mata su dafa tuwo, a kai tufafi. Madalla. Amma bayan wata uku, wa ya koma? Basamariyen nan na Luka sura 10 ya kwana yana jinyar mutumin da bai sani ba, da safe ya biya dinari biyu, ya kuma ɗauki alkawarin dawowa ya biya saura.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidan da ya yi nasarar renon ɗan kyanwa, za ka iske sun raba dare: wannan ya tashi da ƙarfe goma sha biyu, wancan da ƙarfe uku. Haka ya kamata dattawan ekklesiya da zumuntar mata su yi. A rubuta sunan kowane maraya da kowane sabon tuba, a sa gidan da zai lura da shi, a kuma tambayi gidan nan labari kowane wata. Gara ekklesiya ta ɗauki yara biyu ta kai su ga girma da ta ɗauki ashirin ta bar su a zaure.

Ku iyaye, idan ɗanku ya kawo ɗan kyanwa gida, kada ku kore shi da tsawa, kada kuma ku bar shi ya yi wasa da rai. Ku zauna da shi ku lissafta aikin, ku tambaye shi ko zai tashi da dare. In ya yarda, ku taimake shi. Wani lokaci ko an yi dukan abin da ya kamata, ɗan kyanwa ya kan mutu, gama rai na Allah ne. Ku ta'azantad da yaron. Yaron da ya koyi tashi domin abin da ba zai iya gode masa ba, ya fara koyon halin Kristi.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka tsince mu sa'ad da ba mai so, ka ba mu zuciya mai tausayi, da hankali mai sani, da hannu wanda ba ya gajiya. Ka tuna da marayun Jibiya da na hayin iyaka. Ka nuna wa kowannenmu wanda ka sa a hannunsa, ka kuma ba mu ƙarfin riƙe shi har ya girma. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.