Motar Da Aka Cire Wa Kujerun Iyali

'Yar'uwa, akwai wani wasan mota da mutanen Amurka ke yi wanda ya daɗe yana sa ni tunani. Motoci biyu ake jerawa a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402. Koriyar fitila na kamawa sai su fizga a guje, ba kwana ba zagaye. Kafin ki gama ɗaura ɗankwali an tashi wasan.

Da yawa daga masu yinsa ba attajirai ba ne. Magidanci ne zai sayo tsohuwar mota ya shigar garejin gidansa, kullum ya taso aiki ya duƙufa a kanta, wata da watanni, wani ma har shekaru. Ya sauke inji ya sake masa kayan ciki, ya ɗaura masa na'urar da ke ɗura masa iska don ya ƙona mai da yawa ya ƙara ƙarfi, ya sa tayoyin baya masu faɗi marasa zane don su kama kwalta. Sannan ya shiga rage nauyi: rediyo waje, shimfiɗar ƙasa waje, kujerun baya waje, ta mai zaman banza ma waje. Kujera ɗaya tal ke saura, tasa.

To a nan tambayata take. Shin mai iyali, kuɗinsa da ransa nasa ne shi kaɗai?

Wata za ta ce ai wannan almubazzaranci ne kawai. Ni dai ban tafi a kan haka ba. Mutum ba jakin kaya ba ne da zai ƙare rayuwarsa daga aiki sai barci, dole ya sami abin da ransa ke so. Mu ma fa muna da namu, in ba haka ba me ya kai mu jere da anko? Kuma namijin da ya raba dare a garejinsa da sifana a hannu, ko ba komai matarsa ta san inda yake.

Wanda ya gama haɗa motarsa ya fita tsere a titin jama'a, wannan babu gardama a kansa, ya saka rayukan da ba su san hawa ba su san sauka ba cikin cacarsa. Don a raba samari da irin haka ne Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a Kalifoniya a 1951. A filayenta ana duba mota kafin a bar ta ta shiga. In gudunta ya yi yawa sai an yi mata waldar kejin ƙarfe a ciki, in ya kai mil 150 a sa'a sai an ɗaura mata lemar tsayawa a baya.

Duk da haka ana mutuwa. A 2008 Scott Kalitta, gogaggen direba, ya rasu a filin Englishtown, ya bar mata da 'ya'ya biyu. Bayan rasuwarsa aka rage wa motoci mafi gudu tsawon hanyar zuwa ƙafa 1,000. Masu duba mota kuwa kejin suke dubawa da hular kwano, ba wanda ke tambayar ko an biya kuɗin makarantar yara, ko uwargida ta amince.

A ganina, ranar da mutum ya ajiye iyali, wasu sun sami kaso a ransa. Ban ce ya jefar da sifanarsa ba. Amma ya faɗa mata ainihin abin da injin ya ci, kada ya rage mata lissafi, ya kuma gaya mata gaskiyar haɗarin. In ta ce a'a, a'arta ta yi nauyi, tunda in abin ya ɓaci ita ce a bakin gadon asibiti.

Kada kuma mu ɗauka maza kaɗai hukuncin ya hau. Shirley Muldowney mace ce, uwa, ta zama zakarar ajin motoci mafi ƙarfi a 1977 da 1980 da 1982. A 1984 ta yi mummunan haɗari a Kanada, ƙafafunta suka ragargaje, aka yi ta yi mata aiki. A 1986 ta koma bakin sitiyari. Na jinjina mata ƙwarai, amma abin da na ɗora wa magidancin can, ita ma ban sauke mata ko kaɗan ba.