Mai Gaskiya ko Mai Iya Cin Zaɓe?

Ɗan takarar da wasu ke matuƙar ƙauna, wasu kuma ke tsoro, zai iya zama shugaban Najeriya? Babu wanda aka fi tafka wannan mahawara a kansa kamar Janar Muhammadu Buhari, wanda ya tsaya ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011 kafin ya yi nasara a 2015. A garuruwan Kano irin su Wudil, inda kasuwar Juma'a ke haɗa fatake da dillalan kara, maganar ta wuce siyasa, ta zama mas'ala ta addini: shin wajibi ne mutum ya zaɓi wanda ya yarda da amanarsa ko da faɗuwa zai yi, ko kuwa ya nemi wanda zai kai labari?

Tushen matsalar yana cikin tsarin mulkin 1999. Sashe na 134 bai wadatu da yawan ƙuri'a ba. Sai mai nasara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Ke nan farin jini a gida kaɗai ba ya kai mutum fadar shugaban ƙasa. A lokacin takararsa, a Arewa ana kiran Buhari "Mai Gaskiya", a Kudu kuwa da yawa suna ganinsa tsohon soja mai tsaurin ra'ayi, suna tuna goyon bayan da ya nuna wa Shari'a a 2001. Zaɓen 2011 ya fito da wannan rabuwa ƙarara: Buhari ya samu ƙuri'a wajen miliyan 12 a jam'iyyar CPC, ya cinye jihohi 12 duka a Arewa, Goodluck Jonathan kuma ya samu fiye da miliyan 22. Ɗaukar Fasto Tunde Bakare mataimaki da Buhari ya yi bai canza komai ba. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen ya ci rayukan ɗaruruwan mutane.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan tambaya. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya tattauna a Al-Ahkam al-Sultaniyya ko ya halatta a naɗa wanda bai kai wani cancanta ba alhali mafificin yana nan, ya kuma nuna cewa mafi yawan malamai sun halatta. Ibn Taimiyya ya gina shugabanci a kan ƙarfi da amana, yana mai lura da cewa da wuya su haɗu ga mutum ɗaya. Masu cewa a bar wanda ba zai ci ba suna jingina da ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin sharri biyu. A wurinsu ƙuri'ar da aka jefa wa mai faɗuwa kyauta ce ga wanda ake gudu. Ɗaya ɓangaren yana ɗaukar ƙuri'a shaida, kuma shaida ba a karkatar da ita don lissafi. Mutum ya faɗi abin da ya sani, mulki kuwa Allah ke bayar da shi ga wanda ya so.

Hujjar farko tana da rauni a wuri ɗaya: tana ɗaukar iya cin zaɓe tamkar wata ɗabi'a da aka haifi mutum da ita. Buharin 2015 shi ne na 2011, ra'ayinsa da halinsa ba su sauya ba. Abin da ya sauya shi ne abokan tafiya. A 2013 jam'iyyun CPC da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka zama APC, daga baya gwamnoni biyar na PDP, ciki har da Rabi'u Musa Kwankwaso, suka shigo. Da Yemi Osinbajo a matsayin mataimaki, Buhari ya samu sama da miliyan 15, kusan miliyan biyu daga Kano kaɗai. Kuma abin da ya sa 'yan siyasar Kudu maso Yamma suka neme shi shi ne waccan miliyan 12 da ake cewa asara ce. Da masoyansa sun bi shawarar masu lissafi tun 2003, da bai je teburin ciniki da komai a hannu ba.

Wannan ba ya nufin duk mai riƙon aƙida zai kai. Malam Ibrahim Shekarau, gwamnan Kano da ya kafa shirin A Daidaita Sahu, ya tsaya a ANPP a 2011, bai kai ƙuri'a miliyan ɗaya ba, kuma ko a Kanon da yake mulki Buhari ya ninka shi sau uku.

Masu cewa ƙuri'a shaida ce su ma suna da abin amsawa. Ƙawancen da ya kai Mai Gaskiya ga mulki ya ɗebo da yawa daga cikin mutanen da aka yi shekaru goma ana zaɓensa don a kawar da su, kuma kiran a zaɓi jam'iyyarsa "sak" daga sama har ƙasa ya ɗora wasu a kujeru ba tare da an binciki amanarsu ba. Shaidar da aka yi wa mutum ɗaya ta zama shaida ga jam'iyya guda. Buhari ya yi shekara takwas a kan mulki, ya sauka a 2023, ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, aka binne shi a Daura.